Yadda za ku shirya yaro mai kan lissafi amma Turanci na ba shi wuya don jarabawar makarantar haziƙai

Akwai yaran da in ka ba su lissafi kafin ka rufe baki sun ba ka amsa, amma ka ce su karanta shafi ɗaya na Turanci su faɗa maka abin da ya ƙunsa sai su yi tsuru-tsuru. Iyaye da yawa daga nan suke cire rai, su ce ai makarantar haziƙai ba ta irin ɗansu ba ce. Wallahi ni ban yarda da wannan ba.

Da farko ku san inda kuka dosa. Ta tarayya ita ce Federal Government Academy da ke Suleja a jihar Neja, hukumar NECO ce ke shirya jarabawar shigarta, kuma daban take da kwaman entiran ɗin da ake yi don shiga makarantun Unity, wato sauran sakandaren gwamnatin tarayya, don haka fom ɗinta ma daban ne. 'Yan aji shida na firamare ake nema, kuma akwai iyakar shekaru, to ku duba sanarwar shekarar da kanku tun kafin ku biya kuɗi a kafe, kar a gama rajista a ce yaro ya wuce. Jigawa ma na da tata a Bamaina ta ƙaramar hukumar Birnin Kudu.

Sai abin da ya fi komai muhimmanci a wurina, wato gano ainihin inda matsalar take. Ku ɗauko tsofaffin takardun jarabawa, ku ba shi tambayar lissafi irin mai dogon bayani da Turanci, in ya kasa sai ku fassara masa da Hausa ku ga. In ya warware nan take to ba ƙwaƙwalwa ba ce, harshe ne ya tare masa hanya, yaron da a gida Hausa, a layi Hausa, a islamiyya Larabci da Hausa, sannan a zo a auna basirarsa kaf da Turanci, dole ya zama kamar bai san komai ba alhali ya sani. In kuma kun lura yana juya haruffa, b ta koma d, ko yana tsallake layi, ko yana kai littafi dab da hanci, ku fara kai shi a duba masa ido da kunne, sannan ku zauna da malamin ajinsa ku ji me shi ya gani.

Daga nan sai gyara, amma a hankali. Minti 20 kullum bayan la'asar yana karanta labari da ƙarfi, ya ba ku labarin da Hausa, sannan ya sake da Turancinsa ko da ɓarau-ɓarau ne, ya fi lesin na awa uku ranar Asabar. Kalmomin da ke yawo cikin tambayoyin lissafi, masu nufin jimla, saura, bambanci, rabi, a rubuta su a kwali a manna a bango.

Kuskuren da na fi gani shi ne a ƙwace masa lissafin gaba ɗaya, wai ai ya iya. Don Allah kar ku yi haka. Nan ne yake jin shi ma wani ne, kuma nan zai tara makin da zai rufa wa ɗaya ɓangaren asiri. Kuma a daina ce masa daƙiƙi a gaban ƙannensa.

Saura wata biyu haka ku fara gwaji da agogo, ya koyi tsallake tambayar da ta tsaya masa ya dawo mata daga baya, ya kuma saba cike takardar amsa da fensir ba tare da ya goce layi ba.

In sakamako ya fito babu sunansa kar ku karaya, guraben Suleja kaɗan ne ga ƙasa baki ɗaya. Ga 'yan Kano akwai makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, su bayan JSS 3 ake shiga, ke nan yana da shekara uku cur da zai ɗaga Turancin kafin ya zauna tasu jarabawar.