Ga wanda bai daɗe da sauka a baƙon gari ba: riƙe hanya ɗaya, lokaci ɗaya

Da zarar dokin zuwa ya lafa, sai ka ga rayuwa ta tsaya a kan abu biyar: ƙararrawar waya, tashar bas, aiki, wanki, barci. Gobe ma haka. A nan ne mutane da yawa suke karaya. Ɗan'uwa, kada ka yi saurin raina wannan maimaici, domin shi zai zaunar da kai a garin.

Shawarata, ka riƙa bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya. A 1972 Stanley Milgram, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya yi rubutu kan masu haɗuwa kullum a tashar jirgin ƙasa, waɗanda suka san fuskar juna sarai amma ba su taɓa gaisawa ba. Kai ma za ka sami naka. Tawa wata dattijuwa ce mai jar hula, kullum tana kujerar bayan direba. Ranar da ban gan ta ba, sai na ji ba daɗi, kuma ran nan na gane garin ya fara shiga raina. Wata safiya bas ta makara, ta dube ni ta girgiza kai, daga nan gaisuwa ta ƙullu.

Sai batun haske. A Landan, wajen 21 ga Disamba, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, ta faɗi kafin 4. Ka fita da duhu, ka dawo da duhu, abin da nauyi ƙwarai. Amma mai tsayuwa wuri ɗaya kowace safiya shi ke fara ganin sauyi. Zuwa Maris yini yana ƙaruwa da kusan minti 4 kullum. Bishiyar da ka ɗauka ta mutu, sai ga ƙananan tofo a reshenta, kore shar, ka tsaya kana kallo har bas ta iso.

Kuma ka yi wa kanka haƙuri. Binciken Phillippa Lally, masaniyar halayyar ɗan Adam, a Jami'ar UCL da ke Landan ya gano cewa sabon abu kan ɗauki kwana 66 a matsakaici kafin ya zama jiki, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rushe shi. In ka makara yau, gobe ka koma tasharka, ka duba ko mai jar hula ta zo.