Yadda ake hana kwalara yaɗuwa a ƙaramin asibiti

Kwalara ta baki take shiga. Ƙwayar cutar tana fita cikin bahaya da aman mai fama da ita, ta faɗa ruwa ko abinci ko ta maƙale a hannu, wani ya haɗiye. Daga nan zuwa bayyanar alamu awa 12 ne zuwa kwana 5. Abin da ke sa ta wuyar tarewa shi ne, yawancin waɗanda suka kamu ba sa nuna alama ko kaɗan, amma suna ci gaba da zubar da ƙwayar a bahayarsu har kwana 10. Shi ya sa da damina, idan ruwa ya cika salga ya malala zuwa rijiya, sai ka ga unguwa guda ta kwanta. A 2021 an samu sama da mutum dubu 100 da ake zargin sun kamu a Najeriya, Bauchi da Jigawa da Kano na cikin jihohin da abin ya fi tsanani.

Da an kawo mutum yana gudawa tsululu mai kama da ruwan wankin shinkafa, a keɓe shi nan take, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Kada a jira sakamakon gwaji. Mai jinya mutum ɗaya ya isa, 'yan dubiya su tsaya waje.

Sai batun kilorin, wanda a nan aka fi yin kuskure. Ƙarfi uku ake haɗawa, kowane da aikinsa. Idan garin kilorin ne da ake kira HTH, mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, ma'aunin shi ne cokalin cin abinci a shafe, ba a tula ba, wanda ke ɗaukar kusan giram 15.

Na wanke hannu shi ne 0.05%: cokali 1 a lita 20 na ruwa. Na goge ƙasa da gado da bokitai da takalma shi ne 0.2%: cokali 2 a lita 10. Na zubawa a kan bahaya da amai da na gawa shi ne 2%: cokali 2 a lita 1 kacal. A dama sosai, a bar farin ƙasan ya kwanta, a tsiyaye na sama.

Idan ruwan bilic ne irin su Jik ko Hypo, a fara duba ƙarfin da aka rubuta a jikin roba. A raba wannan adadi da ƙarfin da ake so, a cire 1, abin da ya rage shi ne yawan ma'aunin ruwa. Mai 3.5% in za a yi na wanke hannu, kofi 1 ne a kofi 69 na ruwa.

Kilorin na mutuwa ba tare da an lura ba. Rana da zafi suna cinye ƙarfinsa, ga shi yana cin ƙarfe, don haka robar da ke da murfi ake sa shi, a ajiye a inuwa. Na hannu da na goge ƙasa a haɗa sabo kowace safiya. A rubuta ƙarfin da ranar haɗawa a jikin kowace roba da manyan haruffa, domin duk kamarsu ɗaya a ido. Wanda ya wanke hannu da 2% fatarsa za ta tsattsage, wanda kuma ya zuba 0.05% a kan bahaya bai kashe komai ba, ya dai samu natsuwar banza. Kada a gauraya shi da wani maganin wanke ban ɗaki, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Kowane majinyaci bokiti biyu, ɗaya na bahaya ƙarƙashin gado mai huda, ɗaya na amai kusa da kansa. A zuba kamar rabin kofi na 2% a gindin bokitin tun kafin a ajiye shi. In za a zubar, a ƙara har ya rufe ƙazantar, a bar shi minti 15, sannan a kai ramin da aka ware, nesa da rijiya. Zanin gado da tufafi a jiƙa su minti 10 cikin 0.2%, a ɗauraye, a shanya a rana. Kada a bari mai jinya ta naɗe zanin da ya ɓaci ta tafi da shi gida wanki. Ta wannan hanyar cutar ke komawa cikin iyali.

Safar hannu ba ta maye gurbin wankin hannu. A canza ta tsakanin majinyaci da majinyaci, a wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudu na daƙiƙa 40 zuwa 60, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Bokiti mai famfo ake so a ƙofar shiga da ta fita. Kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu a ciki ya fi rashinsa illa. Haka ma randa da moɗa: hannu ɗaya mai ƙazanta ya isa ya ɓata ruwan ɗakin gaba ɗaya. Ruwan sha a sa masa maganin tsarkakewa, a jira minti 30 kafin a sha. Ruwan gishiri da sukari ƙunshi 1 ne a lita 1, wanda ya kai awa 24 a zubar.

Idan rai ya yi halinsa, gawar tana ɗauke da cutar sosai. A toshe baki da hanci da dubura da auduga da aka jiƙa a 2%, a shafe jikin da shi. A zauna da dangi da liman a yi musu bayani cikin mutunci, masu wanka su zama kaɗan, su sa safar hannu da rigar leda, a gaggauta jana'iza. Duk wanda ya taɓa gawar ya wanke hannu sosai, kuma kada ya shiga girki ko rabon abincin zaman makoki.