Yadda Ake Adana Hotuna Da Takardu A Ma'ajiyar Intanet Ba Tare Da An Tafka Asara Ba

Yawancin masu riƙe da babbar waya suna da ma'ajiya a intanet tun ranar da aka kunna musu wayar, ko sun sani ko ba su sani ba. Android ba ta barin mutum ya sauke manhaja daga Play Store sai da asusun Google, iPhone kuma sai da na Apple, kowanne kuwa da wurin ajiyarsa na kyauta yake zuwa. Wurin nan wani yanki ne na manyan kwamfutocin kamfanin da ke jibge a gine-ginensa a ƙasashe daban-daban. Duk abin da ka ɗora can kana iya ɗauko shi daga kowace na'ura, muddin ka iya shiga asusunka.

A wannan sharaɗin ne mutane suka fi faɗuwa. Ba kasafai kamfani ke ɓatar da kayan mutum ba. Abin da ya fi faruwa shi ne waya ta ɓata ko ta mutu, hotunan suna can lafiya lau, amma mai su ya rasa hanyar shiga. Saboda haka daga nan za mu fara.

Mataki na farko: tabbatar asusun naka ne

Shiga saitin wayarka, ka nemo sashen asusu, ka karanta adireshin imel ɗin da ke ciki. Ka san shi? Ka san kalmar sirrinsa? Mutane da dama wani ne ya buɗe musu ranar da suka sayi wayar, ya ƙirƙiri kalmar sirri a gurguje, daga shi har su ba wanda ya sake tunawa da ita. Tun da wayar ba ta sake tambaya, sai shekaru su wuce ba a gane akwai matsala ba.

Idan haka naka yake, canza kalmar sirrin yau, tun wayar tana hannunka. Kamfanin ya fi saurin yarda cewa kai ne mai asusun idan daga na'urar da ya saba gani ka nema. Ka zaɓi kalma mai tsawo wadda ba ka amfani da ita a wani wuri. Kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, a jere, sun fi sunanka da shekarar haihuwarka ƙarfi nesa ba kusa ba, sun kuma fi sauƙin riƙewa.

Daga nan ka duba lambar waya da imel na biyu da aka saka domin dawo da asusu. Idan lambar wani ce, cire ta. Idan tsohon layinka ne da ka daina amfani da shi, shi ma cire shi, domin kamfanonin sadarwa sukan ba wani sabon mutum layin da ya daɗe ba a yi aiki da shi ba, lambobin tabbatarwarka su koma tafiya wayar baƙo.

Sai ka kunna tabbatarwa mai hawa biyu, wato bayan kalmar sirri a ƙara neman wata lamba ko amincewa daga wayarka. Tsari ne mai kyau ƙwarai, amma yana da tarko: idan wayar da ake turo wa lambar ita ce ta ɓata, ka kulle kanka a waje. Maganinsa lambobin ko-ta-kwana. Google yana ba da guda 10, kowace mai alƙaluma 8, kowace sau ɗaya take aiki. Rubuta su a takarda ka adana a gida. Kada ka ɗauki hotonsu ka bari a cikin wayar, ballantana a cikin ma'ajiyar da su ne mabuɗinta.

Mataki na biyu: san girman wurin da aka ba ka

Google yana ba da gigabayit 15 kyauta, iCloud na Apple 5, OneDrive na Microsoft 5, Dropbox kuma 2. Hoton waya ɗaya yakan ci tsakanin megabayit 2 zuwa 5, wato gigabayit 15 zai ɗauki hotuna dubu uku zuwa sama idan su kaɗai ne. Bidiyo ne mai cinye wuri: minti ɗaya mai inganci yana iya cin wurin hotuna ashirin ko fiye.

Na Google ɗin nan uku ne ke cin tukunya ɗaya, Gmail na imel da Drive na fayiloli da Google Photos na hotuna. Ranar da ya cika, ba ɗora hotuna kaɗai ke tsayawa ba, imel ma ya daina shigowa ya daina fita. Wanda ke jiran saƙon aiki ko na makaranta ya kiyaye da wannan. Da can Google Photos yana karɓar hotuna ba iyaka idan an yarda a rage musu nauyi, amma an daina tun 1 ga Yunin 2021, don haka duk wanda ya ce maka ajiyar hoto ba ta da iyaka, tsohon labari yake ba ka.

Game da zaɓi, ba na ganin amfanin wahalar da kai. Mai Android ya tsaya a Google, mai iPhone a iCloud, mai yawan aiki da Word da Excel a kwamfuta ya duba OneDrive. Akwai masu buɗe asusu huɗu ko biyar don su tara wurin kyauta. Dabarar tana aiki na ɗan lokaci, daga baya mutum ya rasa wanne ya saka takardar shaidarsa a ciki, ga kalmomin sirri biyar da zai riƙa bi.

Mataki na uku: tace kaya kafin ka ɗora

Ba duk abin da ke cikin waya ne ya cancanci ajiya ba. Tambayar da za ka yi wa kowane abu ita ce: idan ya ɓata, zan iya sake samunsa? Bidiyon barkwanci da ya zagaya zauruka goma yana nan a wayoyin dubban mutane. Hoton mahaifiyarka da ka ɗauka da kanka, ko muryar wani naka da ya riga mu gidan gaskiya, ko takardar kammala karatu, ko rasit ɗin wani babban ciniki, waɗannan in sun tafi sun tafi.

Fara da takardu, tun da ba su da nauyi. Manhajar Drive tana da wurin ɗaukar takarda da kyamara ta mayar da ita PDF, ta gyara mata gefe. Ba kowane fayil suna mai ma'ana, da shekara a gaba, yadda bincike zai fito da shi ko bayan shekara biyar. Folda uku ko huɗu sun isa. Wanda ya gina folda cikin folda har hawa shida, da wuya ya ci gaba da bin tsarin bayan mako biyu.

Lambobin mutane ma a duba su. A tabbatar a asusun ake adana su, ba a kan layi ko cikin wayar ba, yadda sabuwar waya za ta jawo su da kanta.

Mataki na huɗu: kunna ajiya ta kai tsaye

A Google Photos, taɓa hotonka da ke saman allo ka kunna ajiyar kwafi. Za a ba ka zaɓi biyu, ko a adana hoto yadda yake, ko a matse shi. Matsewar tana mayar da hoton da ya wuce megafiksel 16 zuwa 16, bidiyo kuma zuwa 1080p. Ga mai kallo a waya, idonsa ba zai ga bambanci ba. Mai sana'ar ɗaukar hoto ne kawai zan ce ya bar nasa yadda suke.

Ka saita ɗorawa ta riƙa gudana a kan Wi-Fi kaɗai, aƙalla a karon farko, domin tarin hotunan shekaru zai iya lashe datar wata guda cikin dare ɗaya. Saka wayar a caji ka bar ta. Kuma ka sani galibi foldar kyamara kawai manhajar ke ɗauka. Hotunan da aka turo maka da waɗanda ka sauke suna wasu foldoji daban, sai ka shiga ka zaɓe su da hannu. A iPhone kuwa daga saiti ake shiga, a taɓa suna, a shiga iCloud, a kunna hotuna da kwafin wayar.

WhatsApp nasa daban ne. A cikin saitinsa, sashen hira, akwai wurin ajiyar kwafi, kullum ko mako-mako ko wata-wata. A Android Drive yake kaiwa, a iPhone iCloud. Tun farkon 2024 wannan kwafin ya shiga cikin lissafin gigabayit 15 ɗin masu Android, don haka kashe zaɓin haɗawa da bidiyo idan wurinka ya matse. Tun 2021 kuma ana iya kulle kwafin da kalmar sirri ko mabuɗi mai alƙaluma 64, yadda ko kamfanin ba zai iya karantawa ba. Idan ka kunna wannan ka manta kalmar kuma wayar ta tafi, babu mai iya buɗe maka, har su WhatsApp ɗin.

Mataki na biyar: koyi yadda ake gogewa

Nan ne wurin da ya fi cin mutane, har waɗanda suka iya waya. Tunanin da ake yi shi ne, tun da hotuna sun hau intanet, bari in goge na cikin waya in samu wuri. Sai a shiga manhajar a zaɓe su duka a danna gogewa. To amma aikin waɗannan manhajoji shi ne daidaita abin da ke waya da abin da ke can, kamar madubi. Ka goge hoto a cikin Google Photos ko a iPhone mai kunnannen iCloud, ya gogu a ma'ajiyar, ya gogu a duk na'urar da ke kan asusun.

Hanyar da ta dace tana nan a cikin manhajar. Google Photos yana da maɓallin sama wa waya wuri, wanda ke cire kwafin cikin waya kaɗai na hotunan da ya tabbatar sun hau, ya bar na can. iPhone kuma tana da zaɓin barin ƙananan kwafi a waya, cikakkun su zauna a iCloud, a sauko da su idan an buƙata. Da waɗannan za ka yi aiki.

Idan aikin gama ya gama, kada ka tsaya jimami, garzaya kwandon shara na manhajar. Drive da iCloud suna riƙe abin da aka goge kwana 30 kafin su share shi gaba ɗaya. A Drive kuwa abin da ke cikin kwandon yana ci gaba da cin wurinka har sai an zubar, shi ya sa wani zai goge fayiloli da yawa ya ga wuri bai ƙaru ba.

Mataki na shida: gwada daga wata na'ura

Alamar da waya ke nunawa cewa an gama ajiya ba ta isa hujja ba. Samu kwamfuta ko wata wayar, buɗe burauza a yanayin sirri, shiga asusunka da kalmar sirrin da ke kanka, nemo hoton jiya da wata takarda, sauke su ka buɗe. Gwajin minti biyar ne, kuma shi ne daidai abin da za ka yi ranar da wayarka ta ɓata. Idan wani abu zai ƙi, gara ya ƙi yau. Da ka gama, fita daga asusun.

Idan za ka tura wa wani fayil, zaɓi mutumin ta adireshin imel ɗinsa. Zaɓin da ke ba duk mai mahaɗin damar buɗewa ya fi sauri, amma mahaɗi yana wucewa daga hannu zuwa hannu, kuma bai kamata katin shaida ko takardar banki su bi ta nan ba.

Mataki na bakwai: ajiye kwafi a hannunka

Masu harkar adana bayanai suna da ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban da inda kake. Ga mutum ɗaya, waya da ma'ajiyar intanet da filash ko faifan ajiya na waje (hard disk) sun cika ta. Dalilin kwafi na ukun kuwa, ma'ajiyar ba taka ba ce. A watan Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe Megaupload, wani shafin ajiyar fayiloli a intanet, a rana ɗaya, masu ajiyar halal suka rasa hanyar kayansu tare da masu laifi. Amazon Drive ma an rufe shi a ƙarshen 2023, ko da yake shi an ba da sanarwa tun da wuri. Google Takeout yana ba ka damar sauke duk abin da ke asusunka a dunƙule. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar.

Shirun asusu ma yana da hukunci. Tun Disambar 2023 Google ya tanadi damar share asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba, da duk abin da ke ciki. Idan kana da tsohon asusu da hotuna a ciki, leƙa shi lokaci-lokaci.

Wannan ya kawo maganar da ba a cika son yi ba, wato makomar kayan idan mai su ya rasu. Google yana da tsarin da za ka zaɓi tsawon shirun da za a jira, wata 3 ko 6 ko 12 ko 18, sannan a tuntuɓi mutanen da ka ambata, har guda 10, a ba su abin da ka ware musu kaɗai. Apple ya kawo nasa a ƙarshen 2021, inda ake naɗa magaji har mutum 5, a ba kowanne mabuɗi na musamman da zai gabatar tare da takardar shaidar rasuwa. Idan ka naɗa wani, sanar da shi, ka buga masa mabuɗin a takarda ya adana tare da muhimman takardunsa.