Yadda zaka ɗora shafin intanet naka na kanka da Git da GitHub Pages

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan, ƙungiyar matasan layinmu a unguwar Aboabo da ke Kumasi duk hotunanmu da sanarwarmu na shekara uku suna kan wani shafi da mutum ɗaya ne kawai ya san fasuwod ɗinsa, shi kuma ya tafi Accra neman kuɗi ya canza lamba, shikenan muka rasa komai. Tun daga ranar nace abin da za mu rubuta sai dai ya zauna a kwamfutarmu, intanet ta zama kwafi kawai.

Kayan aiki ba yawa, laftof ko tsohuwa ce irin wadda ake samu a kasuwar Adum ta isa, sai data kaɗan da imel.

Da farko ka buɗe akawun a GitHub, wato shafin da ake ajiye fayiloli a intanet, wanda sashensa na Pages ke nuna su a matsayin shafi, kuma ka nutsu wajen zaɓar suna don shi zai fito a adireshinka. In ka sa matasanlayi, adireshin zai zama matasanlayi.github.io. Sai ka ƙirƙiri sabuwar ma'ajiya, wato repository, ka sa mata sunan adireshin gaba ɗaya, wato matasanlayi.github.io, daidai harafi da harafi, ka barta a buɗe ga kowa don akawun na kyauta haka yake buƙata.

Na biyu ka sauke Git. Linus Torvalds ne ya rubuta shi a 2005 don aikin Linux, aikinsa shine ya riƙe maka tarihin duk canjin da kayi, kamar littafin bashi na mai kanti, komai da ranarsa da sunan wanda yayi. Ka haɗa da abin rubutu irin VS Code.

Yanzu a terminal, wato tagar da ake rubuta umarni, ka jawo ma'ajiyar zuwa laftof ɗinka da umarnin git clone, a cikin foldar ka buɗe fayil mai suna index.html, da ƙananan haruffa. Nan ne nake so ka tsaya ka saurare ni ɗan'uwa, don mu masu rubuta Hausa akwai ramin da muke faɗawa. A saman fayil ɗin cikin sashen da ake kira head ka sa layin meta charset="utf-8", in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su iya fitowa kamar tsutsotsi a wayar mutane, ka rubuta ƙasa a ga wani shirme, kuma kasan ƙasa daban kasa daban, dattijo zai karanta ya ce yaran nan basu iya Hausa ba alhali laifin layi ɗaya ne. Ka ƙara lang="ha" a kan html ɗin. Sauran kuma rubutunka ne, kanu da sakin layi da hoto.

Kafin ka tura komai ka danna fayil ɗin ya buɗe a burauza ka gani da idonka. In yayi, sai umarni uku: git add . ya tattara canjin, sannan git commit -m da ɗan bayani ya rubuta shi a tarihi, sannan git push ya tura shi GitHub. Bayanin nan kar kayi masa ƙyuya, kar ka riƙa rubuta "gyara" "gyara" kullum, rubuta "na ƙara hotunan Sallah" ko "na canza lokacin taro", da Hausa ma yana karɓa. Wata shida nan gaba kai ne zaka gode ma kanka. Kuma ka riƙa yin commit kaɗan-kaɗan, ba ya buƙatar intanet ko kaɗan, push ne kawai ke cin data, ga dumsor in ya ɗauke wuta batir ya mutu aƙalla aikin awa ɗaya baya yana nan.

Wajen push ne da yawa suke karaya. Tun Agustan 2021 GitHub ya daina karɓar fasuwod na akawun a wannan wurin, sai token, wato wata doguwar lambar sirri da GitHub ke baka, ko makullin SSH. In baka son ciwon kai ka sauke GitHub Desktop kawai ka shiga da akawun ɗinka, maɓalli ne zaka danna.

Daga nan ka shiga Settings na ma'ajiyar a GitHub ka nemo Pages ka tabbatar main, wato babban reshen aikinka, aka zaɓa, ka jira ƴan mintuna, ka buɗe adireshin a waya.

Hoto baya fitowa? Ni na kwana biyu akan wannan wallahi. A laftof komai lafiya lau, a intanet fanko, ashe sunan fayil ɗin Taro.JPG ne ni kuma na rubuta taro.jpg, Windows bata damu da babban harafi ba amma can inda shafin yake zaune ya damu. Ka kuma rage girman hotuna kafin ka ɗora, mai kallo a cikin trotro, motar haya, da datar sidi biyu ba zai jira hoton mega biyar ba.

In rubutu ya fara yawa ka koma manhajar Jekyll ko Hugo, ka rubuta da Markdown, wato rubutu mai sauƙi da ƴan alamomi, su haɗa maka shafukan. Amma in kanti kake so da karɓar kuɗi ka nemi wani wurin, dokar GitHub Pages bata yarda da wannan ba.

Na ƙarshe, shiga Settings wajen Collaborators ka ƙara mutum biyu amintattu, kowa yayi clone a na'urarsa. Mu yanzu kwafi uku ne, ɗaya wurina, ɗaya wurin sakatare, ɗaya a laftof ɗin ƙanwar ma'ajinmu da ke karatu a jami'ar KNUST.