Darasi na 9: Gwajin zuciya da motsa jiki, da abin da jini ke nunawa

Assalamu alaikum ƴan aji, iyayenmu da ƴan'uwa. Abin da ya kawo darasin ga na yau, kwanaki bayan mun tashi daga karatu wani dattijo cikinmu mai turin amalanke daga babbar kasuwa zuwa Bagalam ya tsai da ni bakin ƙofa, ya zaro wata takarda daga aljihu ta sha ninki har ta fara yagewa, ya ce "Malam karanta mini, an yi mini analiz an ce jinina lafiya lau, amma ni in na turo kaya na iso hawa sai in ji kamar an aza mini buhun gero bisa ƙirji har kafaɗar hagu, in na tsaya minti biyar sai ya sake ni." Na ce Baba takardar ba ta yi ƙarya ba, ku ma ba ku yi ba, sai dai kuna zaune aka ɗebi jinin nan, ciwon naku kuwa sai kuna turi yake zuwa.

Duk wanda ya taɓa zuwa Jiratawa ya ga yadda ruwa ke bin kanal yana shiga gonaki. In laka ta cika rabin kanal, da sanyin safiya ɗan ruwan da ke wucewa ya isa, shuka tsaye take shar, amma bari rana ta take sai ka ga ganye ya langwaɓe. Zuciya ma tsoka ce, tana da nata jijiyoyin da ke kai mata jini, manyansu biyu ne, ta dama da ta hagu, ta hagun ta rabu biyu. Kitse mai suna kolestarol yana taruwa a bangon jijiyoyin shekara da shekaru hanya ta yi ta matsewa, kuma taba sigari da hawan jini da muke ce ma tansiyon da ciwon sukari da ƙiba da gado su ne masu tura abin gaba. Mutum na zaune jinin da ke wucewa ya ishe shi. Ya ɗauki kaya ko ya hau tudu zuciya ta nemi ƙari, babu, sai ƙirji ya ɗaure. Da yawa cikinmu olsa muke ce ma wannan, a yi ta shan maganin ciki wata da watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 mutum miliyan 17.9 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini suka kashe, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mace-macen duniya, kuma mafi yawansu ba a ƙasashen Turawa ba ne, a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ne.

To mai sayen jaki a kasuwa ba ya gane ɗingishinsa yana ɗaure, sai an aza masa kaya an kora shi. Likitan zuciya ma haka yake yi. A odonas, takardar da likita ke rubuta muku, za ku ga sunan gwajin da Faransanci an rubuta épreuve d'effort, ku kwafe shi a littafinku don ku gane shi in kun gani. Za a cire riga, a manna ƴan abubuwa guda 10 masu waya a ƙirji da jiki, a ɗaura abin awon tansiyon a hannu, sai mutum ya hau keken da ba ya zuwa ko'ina ko wani tapi da inji ke ja yana tafiya bisansa. Tsarin da aka fi bi wani likita ɗan Amurka Robert Bruce ya fito da shi a 1963, duk bayan minti 3 ana ƙara sauri a ƙara tudu, inji kuma na ta zana bugun zuciya, zanen nan shi ne ECG, likita na kallon inda layin zai lotsa ƙasa in jini ya gaza. Ba gasa ba ce don Allah. In ƙirji ya ɗaure ko jiri ya zo ko numfashi ya gagara ka faɗa nan take a tsai da injin, mazanmu da son nuna jarumta nan wurin ba wurinta ba ne.

Ga ɗan lissafi tunda mun iya ragewa. A cire shekarun mutum daga 220. Mai shekara 60, 220 a cire 60 saura 160, wannan shi ne kimanin ƙarshen bugun zuciyarsa a minti ɗaya, likita na son ya kai kashi 85 cikin 100 na wannan, wato 136, kafin a ce gwajin ya cika.

Amma fa gwajin nan yana kuskure, da aka tattara bincike da yawa an ga cikin mutum uku masu matsattsiyar jijiya yana iya tsallake kamar ɗaya, wani kuma lafiyarsa ƙalau zanen ya nuna kamar akwai ciwo, a wajen mata an fi samun irin haka. Shi ya sa masana suka ce to ko jini zai taimaka.

Cikin tsokar zuciya akwai wani sinadari sunansa turoponin, a takardar labo Troponine ake rubutawa. Wani masani ɗan Japan Setsuro Ebashi ya gano shi a 1965, daga baya a Jamus aka ƙirƙiro hanyar auna na zuciya cikin jini, a shekarar 2000 kuma ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka sa shi gaba wajen tabbatar da cewa jijiya ta toshe tsoka ta fara mutuwa. Muhallinsa cikin tsoka ne, kamar gero cikin buhu, in ka ga tsaba a ƙasa ka san buhu ya huje. Ba ya tashi nan take, yakan ɗauki ƴan awoyi, shi ya sa ake ɗibar jini sau biyu da tazara a gwada, kar wani ya ce labo ne ke son cin kuɗinsa, kuma in ya tashi yana iya kai sati biyu bai sauka ba. Na biyu shi ne BNP, ko ɗan'uwansa NT-proBNP, wanda zuciya ke fitarwa in ta cika ta miƙe tana wahala, an fara gano shi a 1988 a ƙwaƙwalwar alade, abin mamaki, sai daga baya aka gane zuciya ce babbar mai yin sa. Akwai kuma wani tsohon awon jini na zuciya mai suna CK-MB da wasu labo ke yi har yanzu.

Dabarar masu binciken ita ce a ɗebi jini kafin mutum ya hau keke, a sake ɗiba bayan ya sauka da awoyi kaɗan bayan nan, a gani ko sinadaran sun ɗaga. Da sabbin injinan da ke ganin turoponin komai ƙanƙantarsa an lura masu matsattsiyar jijiya sukan zo da nasu a ɗan sama tun kafin su hau, haka BNP. Sai dai inda gizo ke saƙa, mai lafiya ma nasa yana ɗagawa in ya wahala, masu gudun fanfalaki na kilomita 42 da yawansu in an auna bayan tsere a sama yake alhali jijiyoyinsu a buɗe, ciwon ƙoda na ɗaga shi, tsufa na ɗaga shi. Saboda haka wannan awon jinin lokacin motsa jiki bai zama abin da ake yi ma kowa ba, yana dai ƙara ma likita haske idan ya haɗa da abin da ka faɗa masa da bakinka da zanen ECG. Mai nuna matsewar ido da ido shi ne hoton jijiyoyin, wanda ake zura siririn tiyo ta hannu ko cinya a zuba ruwan da hoto ke gani, ko kuma na sikana. Ni a ganina asarar da muka fi yi ita ce mutum ya je labo da kansa ya biya analiz mai tsada, ya ga lamba ƙasa, ya ninke takarda ya koma turin kaya.

In an ba ka randebu kar ka ci abinci mai nauyi awa 2 zuwa 3 kafin nan, ban da sigari da kofi da shayin nan namu mai ƙarfi da goro, sa kaya marasa nauyi da takalmin da ba zai zame ba, ba silifa ba. Tattaro duk magungunanka cikin leda har na gargajiya ka nuna, wasu na tansiyon suna rage bugun zuciya su ɓata gwajin, amma kar ka bar shan kowane sai likita ya ce. Iyayenmu mata kuma ku tambaya tun ranar randebu yadda za a yi da sutura, in kuna son mace ta manna muku wayoyin ku faɗa.

Wanda ciwon ya kama shi yana zaune ko yana kwance, ya wuce minti 15 bai sake shi ba, ga zufa ga tashin zuciya, wannan ba maganar keke ba ce sam, a sa shi mota a kai shi babban asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne, kar ya tuƙa moto da kansa. Kuma kar wanda ya ji darasin ga ya je ya kama gudu bakin gulbi wai yana gwada zuciyarsa, can asibiti akwai likita da kayan ceto kusa da kai.

Aikin gida: kowa ya rubuta shekarunsa ya cire su daga 220. Sannan ka zauna ka huta, ka aza yatsu biyu a wuyan hannu wajen babban yatsa, ɗanka ko jikanka ya duba agogon salula, ka ƙirga bugun na sakan 15 ka ninka sau 4, ga babba a zaune tsakanin 60 da 100 aka saba samu. Ku rubuto lambobin biyu ku zo da su ranar Laraba, Baba mai amalanke ku kuma ku zo da takardar nan taku mu rubuta ma likita yadda ciwon ke zuwa da yadda yake tafiya.