Yadda Za Ka Gano Abin da Ke Cinye Ƙarfin Shafinka a cPanel

A hostin na haɗaka, shafukan intanet da yawa ne ke zaune kan saba guda, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da su, shi ya sa kamfanoni ke amfani da manhajar CloudLinux su yanka wa kowane asusu rabonsa. Don ganin naka rabon, shiga cPanel, wato allon sarrafa asusunka na hostin, ka gangara sashen Metrics, ka danna Resource Usage. In babu wannan maɓalli, tambayi kamfanin da ke riƙe da shafinka.

Fuskar farko za ta nuna maka ko an taƙaita asusunka cikin awa 24 da suka wuce. Kada ka tsaya nan. Buɗe Current Usage, ka zaɓi mako guda, domin kwana ɗaya ba ya nuna halin shafi. Abin da za ka fi sa wa ido shi ne Faults, wato sau nawa asusun ya kai maƙurar rabonsa. Layin jadawalin ya yi sama ya sauko ba komai ba ne muddin Faults na kan sifili.

Kowane ma'auni da irin alamarsa. A CPU, 100% na nufin ƙwayar sarrafawa guda. In ta cika shafin ba ya mutuwa, nauyi kawai yake yi. Haka I/O, wato saurin karatu da rubutu a ma'ajiya. Physical Memory kuwa, wato ƙwaƙwalwar aiki (RAM), in ta ƙare ana kashe aikin da ke gudana, maziyarci ya ga kuskure mai lamba 500 ko 503.

Entry Processes ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Ba yawan maziyarta ba ne, yawan buƙatun PHP ne (harshen da shafuka irin na WordPress ke aiki da shi) da ake sarrafawa a lokaci guda, kuma CloudLinux na zuwa da iyakar 20 sai in kamfani ya canza. Buƙatar da ta kammala cikin rabin daƙiƙa nan take take ba wata wuri. Amma da zarar CPU ta cika, kowace buƙata sai ta daɗe, su taru har guraben su ƙare, sai kuskure 508 ya fito. Saboda haka in ka ga 508, fara duba CPU da I/O na wannan sa'ar, sau da yawa can tushen yake.

Riƙe lokacin da matsalar ta faru, ka buɗe Snapshot. Nan za ka ga ayyuka da tambayoyin rumbun bayanai da ke gudana a daidai lokacin. Ka lura, agogon saba yakan sha bamban da naka. A shafin WordPress, in wp-login.php ko xmlrpc.php ne ke ta maimaituwa, masu gwada kalmar sirri ne suka yi maka dirar mikiya. Nemo adireshinsu na IP a Raw Access, inda ake adana bayanan duk ziyarar shafi, ka toshe su da IP Blocker. In wp-cron.php ne, wato fayil mai tayar da ayyukan da WordPress ya tsara wa lokaci, saka define('DISABLE_WP_CRON', true); a cikin wp-config.php don hana shi tashi da kansa, sannan ka tsara wp-cron.php a Cron Jobs na cPanel ya riƙa tashi duk minti 30. In kullum a sa'a guda I/O ke cika, zargi manhajar da ke ɗaukar kwafin ajiya, ka mayar da aikinta tsakar dare.

Duba File Usage ma a gefen Statistics. Yawan fayiloli yake ƙirgawa, ba girmansu ba, kuma tsofaffin saƙonnin imel da tarkacen cache (kwafin wucin gadi da ake ajiyewa don shafi ya buɗe da sauri) ne ke cika shi. In ya cika, sabon saƙo ba zai shigo ba ko da akwai sauran fili.

Kada ka yi saurin sayen tsari mafi tsada. Sai ka gyara waɗannan, ka kunna cache, ka sake duba mako guda. In Faults na nan a lokutan cunkoson maziyarta na gaske, to lokacin ƙara ƙarfi ya yi.