Yadda Ake Sabunta Ƙafar Gaba da Sitiyarin Peugeot 504

Peugeot 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, kuma masana'antar Peugeot ta Najeriya (PAN) da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta shafe shekaru masu yawa tana harhaɗa ta. Waɗanda suka rage a hannun jama'a yanzu duk sun tsufa, kuma inda tsufan ya fi bayyana shi ne ƙafar gaba: mota na ja gefe, sitiyari na lilo, taya na cin gefe ɗaya, ga ƙara duk lokacin da aka faɗa rami. Canza abu ɗaya yau, wani kuma bayan wata uku, asarar kuɗi ce, domin tsohon bushin, wato robar da ke zaune a mahaɗar ƙarafa, yakan kashe sabon boljoin, gaɓar da ƙafar ke juyawa a kanta. Abin da ya dace shi ne a kwance ƙafar baki ɗaya, hagu da dama, a sabunta ta lokaci guda.

A fara da bincike kafin a sayi komai. A tsayar da motar a ƙasa mai tauri, a tokare tayoyin baya, a ɗaga gaban da jak, sannan a ɗora ta kan madogaran ƙarfe, domin ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kama taya sama da ƙasa a jijjiga. Idan ta yi motsi, boris ko boljoin ne ya ci. A sake kama ta gefe da gefe. Motsi a nan yana nuna rak, wato ƙarfe mai haƙora da sitiyari ke turawa hagu da dama, ko kan tayarod, sandar da ke haɗa rak da taya. A duba jikin shokozoba ko mai na tsatsa, a kuma dubi wurin da kansa ke ɗaure da bodi, saboda idan tsatsa ta cinye wurin, aikin mai walda ne zai riga na makaniki.

Wajen sayen kaya, ko a Panteka ta Kaduna ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, a tafi da tsohon a hannu a gwada, domin ba duk 504 ce ke amfani da boljoin iri ɗaya ba. Ƙarfe na hannu yana iya yin kyau, amma duk abin da yake na roba sabo za a saya.

Kafin kwancewa a jiƙa notuna da man sassauta tsatsa su kwana, a auna tsawon kowane tayarod a rubuta. Sai a cire taya, a kwance kalifar birki a rataye ta da waya don kada nauyinta ya ja tiyo, a saki sitabilaiza, wato sandar da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama, sannan a yi amfani da fula, abin zare su, a raba kan tayarod da boljoin daga mazauninsu. Dukan zaren noti da guduma yana lalata shi. Bayan haka a kwance notunan sama da ke cikin ɗakin inji, shokozoba da sifirin su sauko tare.

A nan ne haɗarin aikin yake. Sifirin a matse yake da ƙarfin da ke ɗaukar nauyin inji, don haka ba a taɓa babban notin tsakiya da ke kan shokozoba sai an kama sifirin da abin matsewa guda biyu, ɗaya na fuskantar ɗaya, ana ɗaure su kaɗan-kaɗan bi da bi har sai sifirin ya saki mazauninsa. Ɗaure shi da igiya ko waya, kamar yadda ake gani a wasu gareji, ganganci ne da ke karya hannu ko muƙamuƙi. Idan an raba su, a ajiye sifirin biyun a jere a gwada tsayinsu. In ɗaya ya fi gajarta, a canza duka biyun.

Bushin hannayen ƙasa da injin matsi ake fitar da su, da shi kuma ake shigar da sababbi. A shafa musu ruwan sabulu, kada a sa giris ko baƙin mai, domin mai yana kumbura roba ya ruɓar da ita. Boris kuwa a wanke hob, wato mazauninsa, tas, a cika sabo da giris mai kyau, a sa sabon sil.

Game da rak, a wanke shi, a juya shi da hannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Idan yana sako-sako a tsakiya amma yana cijewa a gefe, haƙoransa sun ci, kuma ƙara matse shi ba zai warkar da shi ba, sai dai a nemi wani. A sa masa giris da sababbin robobin rufi, tun da ƙura da ruwan damina ta yagaggiyar roba suke shiga. Kada a manta da faifan robar da ke haɗa sandar sitiyari da rak, wanda sau da yawa shi ne tushen lilon da ake ɗora wa rak laifinsa.

Wajen mayarwa akwai ƙa'idar da na fi so mai karatu ya riƙe. Notunan da ke ratsa bushin ba a ɗaure su tamau motar na sama. A sa su sako-sako, a sauke motar kan tayoyinta, a danna gaban sau da yawa ta zauna, sannan a ɗaure da sifanar awon ƙarfi gwargwadon abin da littafin motar ya tanada. Wanda ya ɗaure a sama ya bar robar a murɗe ke nan, kuma cikin 'yan watanni za ta tsage.

Daga nan a taka birki har ya yi tauri, a tuƙa a hankali zuwa wurin saitin taya, tare da tabbatar da cewa rak yana tsakiya kuma sitiyari ya miƙe kafin a fara saiti. Bayan mako guda ana hawa, a sake bin notunan ɗaya bayan ɗaya, a kuma duba gefen tayoyin gaba ko sun fara ci.